An Ba Kura Ajiyar Nama: Wa Ke Cinye Katin Wayar Mutanen Katagum?

Ranar da gwaggona ta zo Azare ganin likita daga ƙauyenmu, bayan mun dawo gida ta yi sallah ta ɗan taɓa abinci, sai ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai tocila ta miƙo mini. Ta ce, "Ɗan nan, duba mini abin nan, ko dai lalacewa ta yi. Shekaranjiya ƙaninka ya turo mini katin ɗari biyar daga Fatakwal. Kira ɗaya na yi, na yi wa mai jego barka a Gamawa, yau kuma an ce mini babu kuɗi."

Na karɓa na shiga akwatin saƙonni. Sun fi ɗari, duk da Turanci, ba wanda aka taɓa buɗewa. A cikinsu na gano an ɗaura wa layinta abu uku: labarin ƙwallon Turai, waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗaga, da wata gasar tambayoyi da aka ce ana cin kyauta. Kowanne yana cire nasa, wani kullum, wani mako-mako. Na ce, "Gwaggo, ke kika ce a riƙa aiko miki da labarin ƙwallo?" Ta riƙe baki ta ce, "Ƙwallo kuma? Ni da shekaruna? Allah ya isa tsakanina da su." Ta karɓi wayarta ta mayar bakin zani ta ƙulle.

A wurinta magana ta ƙare, domin ta kai ƙara inda ta saba kaiwa. Ni kuwa tun ranar nake kasa kunne idan ana hirar waya. Zauna rabin sa'a a rumfar mai cajin waya a kasuwar Azare, ko a tasha inda ake lodin Potiskum da Misau, za ka ji wani ya ce, "Sun cinye mini kati." Ba mai tambayar su wane ne, kowa ya gane. Direban keke zai ce shi ya daina barin kuɗi su kwana a waya, na ɗari yake sawa ya yi kiransa nan take ya ƙarar. Mai shayi zai ce nasa layin da zarar ya loda kati, kafin ya mayar da wayar aljihu an yanki wani abu. Mutane sun ɗauki kuɗin waya kamar ruwa a tulu mai yoyo, dabarar kawai kada ka zuba da yawa. An cuci jama'a har cutar ta zama jiki, an daina ganin ta a matsayin laifin wani.

Alhali kuwa laifin wani ne, kuma ana iya nuna shi da yatsa. Duk kuɗin da ya fita daga layin mutum zuwa aljihun wani ba da saninsa ba, kamfanin layin ya kamata a fara riƙewa. A hannunsa aka ajiye kuɗin, shi ya buɗe ƙofar, kuma da rabonsa a cikin abin da aka kwasa.

Hannu uku a aljihu ɗaya

Harkar tana da 'yan wasa uku. Na farko shi ne mai kaya, wato ƙaramin kamfanin da ke sayar da labarai, waƙoƙi, wasanni, bidiyo ko gasa ta waya. Irin waɗannan kamfanoni suna aiki ne da lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, har ma suna da ƙungiyarsu mai suna WASPAN. Na biyu shi ne dillali, kamfanin da ke haɗa na'urorin masu kaya da na kamfanonin layi. Na uku shi ne kamfanin layin kansa, wanda kuɗinka ke hannunsa tun lokacin da ka loda kati.

Mai kaya ba shi da hanyar taɓa ko kwabo a layinka. Iyakarsa ya aika wa na'urar kamfanin layi cewa lamba kaza ta amince a cire mata naira 20 ko 50. Kamfanin layi ne ke cirewa, ya ɗauki kasonsa, ya miƙa saura. Saboda haka duk lokacin da aka ce maka "ba mu ba ne, wani kamfani ne daban", ka tuna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta yaya ake samun wannan "amincewa"? Hanyoyin sanannu ne ga duk mai riƙe da waya. Akwai saƙon da ke faɗowa kan fuskar waya ba sallama, ya tare komai, da zaɓi biyu a ƙasansa. Mai ƙaramar waya yana son ya kore shi ya yi kiransa, sai ya danna maɓallin tsakiya, wanda shi ne na amincewa. Akwai muryar da kake ji idan ka kira wani, tana cewa ka danna lamba kaza idan kana son waƙar da ke kan layinsa. Kunci ko yatsa ya taɓa, shi ke nan. Akwai kiran da za ka ɗaga ka ji na'ura ce ke magana. Akwai tallan da ke kan shafin intanet, wanda taɓawa ɗaya ta isa, domin idan da datar layinka kake shiga, ana iya gane lambarka ba tare da ka rubuta ta ba. Akwai kuma "kyautar kwana bakwai", wadda idan ta ƙare ba a sake tambayarka, sai dai a fara yanka. Idan babu kuɗi a layin, na'urar ba ta gajiya, tana nan tana jira har ranar da ka loda.

Wani lokacin ma ba hannun ɗan Adam ko ɗaya a ciki. A watan Agustan 2020 kafar BuzzFeed News tare da masu binciken tsaron waya na Secure-D sun bayyana cewa an samu muguwar manhaja a cikin dubban wayoyi ƙirar Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha, Ghana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu. Manhajar tana yi wa mai waya rajistar hidimomin biyan kuɗi a ɓoye, yana barci ko yana gona. Kamfanin Transsion mai ƙera wayar ya ɗora laifin kan wani daga cikin masu kawo masa kayan haɗi. Darasin da ke ciki shi ne, don na'ura ta rubuta cewa "mai layi ya amince", wannan bai tabbatar da cewa wani mutum ya amince da komai ba.

Ciniki ba rasit

Kafin 2001, lokacin da NITEL ke cin karenta ba babbaka, layukan waya a Najeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma mai layi takarda ake kawo masa a ƙarshen wata. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki, Glo ta biyo baya a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat ta shigo a 2008. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Abin da ya kai waya har Sakwa da Udubo da Bulkachuwa shi ne tsarin biya-kafin-ka-kira: ka sayi kati daidai ƙarfinka, ba ajiya, ba takardar wata. Alheri ne babba, ba mai musu.

Sai dai tsarin ya zo da wani rami. Wanda ake kawo wa takarda yana iya zama ya bi ta layi-layi, ya ga abin da bai sani ba ya yi tambaya. Mai kati ba ya ganin komai sai lamba ɗaya, abin da ya rage. Jiya 340, yau 270. Kira ne ya ci? Data ce ta buɗe? Bashin da ya ci ne aka cire? Ko wani kamfani ne a Legas da bai taɓa jin sunansa ba? Ba shi da hanyar sani cikin sauƙi. Mai awo a kasuwa a gabanka yake cika mudu, mahauci a gabanka yake yanka. A nan kuwa kamfanin layin shi ke riƙe da mudun da kuɗin da littafin lissafin, a ɗakin da ba ka da izinin shiga.

Kuma da gangan kuɗin ke zama ƙanana. Ba wanda zai bar sana'arsa ya hau mota daga Katagum ko Yana zuwa ofishin kamfani saboda naira 50, kuɗin motar ma ya ninka ta sau da yawa. Amma mu yi lissafin 'yan firamare. Naira 50 a mako, a shekara naira 2,600 ke nan daga mutum ɗaya. Idan layuka miliyan 1 kacal aka yi wa haka, an tara naira biliyan 2.6. Misali na kawo don a ga yadda abin ke hauhawa: da yayyafi kogi kan cika. Wanda aka cuta yana ganin abin bai kai a yi magana ba, wanda ya tara kuwa ya san abin da ya tara.

Kada kuma a raina naira 50 a wannan yanki. A damina, idan ruwa ya yanke hanya a ƙauyukan Zaki da Gamawa, waya ce kaɗai hanyar da ta rage. Matar da naƙuda ta kama cikin dare, mijinta ya ɗauki waya zai kira mai mota ya ji an ce kuɗinsa ba su isa ba, shi ya san darajar abin da aka cire masa da rana don labarin ƙwallon da bai nema ba. Manomin da ke son jin farashin wake ko riɗi a Azare kafin ya ɗauko kayansa, kiran minti biyu ne tsakaninsa da riba ko faɗuwa.

Yadda aka yi da su a Amurka

Wannan cuta ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka ta daɗe, tun zamanin wayar tangaraho ta gida. A 2011 wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ƙarƙashin Sanata Jay Rockefeller ya fitar da rahoto cewa kuɗin wasu kamfanoni na daban da ake ɗorawa kan takardun wayar gida ya kai kusan dala biliyan 2 a shekara, kuma kaso mai yawa ba da izinin masu layi ba ne. Da harkar ta koma wayar hannu, sai aka riƙa cusa wa mutane dala 9.99 a wata don saƙonnin duban taurari, shawarwarin soyayya da sautin kira, a ɓoye cikin takardar da ke da shafuka da yawa.

Abin lura shi ne wanda hukumomin ƙasar suka kama. Sun bi ƙananan kamfanonin, amma ba su tsaya nan ba. A watan Oktoban 2014 kamfanin AT&T ya amince ya biya dala miliyan 105, mafi yawansu don mayar wa mutane kuɗinsu. A Disambar shekarar T-Mobile ya amince da aƙalla dala miliyan 90. A watan Mayun 2015 Verizon ya biya miliyan 90, Sprint miliyan 68. Hujjar hukumomin ita ce kamfanonin layin suna riƙe kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin, kuma ƙorafe-ƙorafe sun yi ta zuwa musu suna kawar da kai. Cikin sharuɗɗan sulhun akwai cewa dole a samu amincewar mai layi a bayyane kafin a ɗora masa kuɗin wani, kuma a ba shi hanyar toshe irin wannan caji gaba ɗaya.

Idan har mutanen da suka iya karatu, ake kuma kawo musu takarda, an yi musu haka shekara da shekaru, ina ga gwaggona?

Abin da hukumarmu ta yi

Adalci ne a faɗi cewa NCC ba ta naɗe hannu ba. Tana da ƙa'idojin kare masu amfani da waya tun 2007. A watan Yulin 2016, zamanin shugabanta Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta fito da lambar 2442: ka aika kalmar STOP a daina turo maka saƙonnin talla. Ta samar da layin 622 na kyauta don kai ƙara idan kamfani bai share maka hawaye ba. Ta ayyana 2017 a matsayin shekarar mai amfani da waya. A 2018 ta ba da umarnin hana ɗaura wa mutane hidima ko sabunta musu ita ba da yardarsu ba. A 2023 ta haɗe gajerun lambobi suka zama iri ɗaya a duk layuka: *310# don duba kuɗi, *311# don loda kati, *305# don dakatar da hidimar da aka ɗaura maka, 300 don kiran sashen kula da masu hulɗa.

Mun kuma ga lokutan da gwamnati ta nuna tana da haƙora. A 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka miliyan 5.1 marasa cikakkiyar rajista, daga baya aka sasanta kan biliyan 330. A watan Oktoban 2019, da aka sanar da shirin cire naira 4 a kowane daƙiƙa 20 daga masu hulɗa da banki ta gajerun lambobi, Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin dakatarwa, aka kuma dakatar. Wato idan hukuma ta ɗauki abu da zafi, kamfanoni suna jin magana.

To me ya sa har yanzu tulun ke yoyo? Saboda duk magungunan nan an ɗora nauyin shan su ne kan mara lafiya. Sai ka gane an cuce ka, sai ka san lambar, sai ka iya karanta abin da ya fito da Turanci, sai ka kira kamfani ka jure jira, sai ka karɓi lambar ƙorafi ka adana, sannan ka kira 622. An tsara wannan hanya ce da ma'aikacin Abuja a zuci. Dattijon Chinade da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, ba jahili ba ne, amma saƙon da ke cewa ya aika wata kalmar Turanci zuwa wata lamba kafin ƙarfe kaza bai yi magana da shi ba. Kamfanonin sun iya Hausa sarai idan talla za su yi a rediyo ko a allon bakin titi. Idan aka zo wurin gargaɗin cire kuɗi, sai Hausar ta ɓace.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. Mutane da yawa sun aika STOP zuwa 2442 suna zaton sun huta. Wannan lamba saƙonnin talla take tsayarwa. Hidimar da aka riga aka ɗaura maka tana nan tana ci, sai ka bi ta *305# ko ka kira kamfani an cire ta.

Abin da kamfanoni ke cewa

Suna da nasu bayanin, kuma ba duka ne ƙarya ba. Sukan ce mutane da kansu ke yin rajista su manta, ko yara su ɗauki waya su yi ta danne-danne. Haka ne, yana faruwa. Sukan ce hidimomin suna da amfani. Wannan ma gaskiya ne: akwai wanda da son ransa ya sa karatun Alƙur'ani ko wa'azi a layinsa, akwai mawaƙan Hausa da ke samun na cefane daga waƙar kira, akwai saƙonnin kiwon lafiya da na noma. Ba wanda ya ce a rufe kasuwar. Sukan kuma yi kukan tsadar man dizal, faɗuwar darajar naira da yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa.

Amma kukan tsada an riga an saurare shi. A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. An yi shi a fili, an yi muhawara, ƙungiyar ƙwadago ta nuna adawa, kowa ya san abin da zai biya. Haka ake ƙara farashi. Tun tsakiyar 2025 ma kuɗin hulɗa da banki ta gajerun lambobi, naira 6.98, daga katin mutum ake cire shi. Wato katin waya ya zama ƙaramin asusu da hannaye da yawa ke shiga, kuma hakan ya ƙara wajabta wa mai riƙe da asusun ya ba da lissafi.

Batun yaro ya danna kuwa, ai hujja ce a kan tsarin. Idan dannawa ɗaya ta ɗan shekara biyar za ta iya ƙulla cinikin da zai yi wata shida yana cin kuɗin uwarsa, tarko aka haƙa. Banki ba ya sakin kuɗinka sai ka sa lambar sirri. Mai POS a bakin kasuwa ba ya cire maka ko naira ɗaya sai ka danna lambobinka da hannunka. Fasahar tana nan. Abin da ya hana a sa ta a wannan ƙofa shi ne kowane ƙarin mataki yana rage yawan masu faɗawa, raguwarsu kuma raguwar kuɗin shiga ce ga duk hannayen uku.

Mizanin da muka gada

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin dokar ciniki ba ne. Tun da Malam Ibrahim Zaki ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19 da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, har hedkwatarta ta dawo Azare a zamanin Turawa, kasuwanninmu suna da sarkin kasuwa, suna da dillalai, suna da alƙali. Ɗalibin da ya fara karatun fiƙihu ya san ciniki ba ya ƙulluwa sai da tayi da karɓa. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gindaya yardar juna a matsayin sharaɗin halaccin kasuwanci, Suratul Muɗaffifin kuma gargaɗi ce ga masu tauye mudu. A kasuwar shanu, sai mai dabba ya ce "na sallama" da bakinsa. Dillalin da ya karɓi la'ada kan dabbar sata ba ya tsira da cewa shi tsakani kawai ya shiga, shi za a fara tambaya ina wanda ya kawo.

Da wannan mizani nake auna kamfanin layi. Kuɗin da ke layina ajiya ce a hannunsa har sai na kashe ta. Wanda aka ba ajiya ya miƙa wa wani ba da izinin mai ita ba, shi zai biya, daga baya ya je ya nemi wanda ya yaudare shi. Kuma shi zai kawo shaidar cewa an ba shi izini. Yanzu an juya abin: talaka ake cewa ya tabbatar da cewa bai danna ba, alhali duk bayanan suna cikin na'urar wanda ake ƙara.

Abin da ya kamata a yi

Gyara na farko shi ne kowane layi ya zo da wannan ƙofa a kulle. Mai son waƙar kira ko labarin ƙwallo ya buɗe da kansa, da lambar sirri. Wannan kaɗai zai kashe mafi yawan ɓarnar, kuma ba zai hana mai kaya na gaskiya samun masu saye na gaskiya ba.

Na biyu, duk cirewar da ba ta kira ko data ba, ta zo da saƙo nan take cikin harshen da mai layi ya zaɓa, da sunan wanda ya karɓi kuɗin da yadda za a dakatar. Ga wanda ba ya karatun boko, a samar da lambar kyauta da zai kira na'ura ta karanta masa da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri abin da aka cire masa a makon. Na'urar da ta iya kiran mutum ta tallata masa waƙa za ta iya wannan.

Na uku, idan kamfani ya kasa nuna shaidar amincewa, ya mayar da kuɗin duka tun daga ranar farko. Idan kuma aka kama wani mai kaya da maguɗi, a mayar wa duk wanda ya taɓa, ko ya yi ƙorafi ko bai yi ba. NCC ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, tare da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, su riƙa wallafa sunayen waɗanda aka kama da adadin da aka mayar, yadda kowa zai gani. Tarar da ba ta kai ribar laifi ba, kuɗin shiga kasuwa ce kawai.

Mu ma a gida da namu aikin. 'Yan majalisar da ke wakiltar Katagum, Zaki, Gamawa, Shira, Giade da Itas/Gadau a Abuja su ɗauki wannan a matsayin kukan mazaɓa, domin ya fi shafar mutanensu fiye da abubuwa da yawa da ake kai ruwa rana a kansu. A nemi NCC ta kawo taron sauraron jama'a Azare, a yi shi da Hausa, a sa wakilan kamfanoni a gaba su amsa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da na Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, da na jami'ar jiha da ke Gadau, za su iya ware rana guda a kasuwa suna duba wa mutane wayoyinsu kyauta, suna rubuta abin da suka gani. Irin wannan rubutaccen bayani ya fi ƙorafin baki dubu nauyi a gaban hukuma. Masu cajin waya da masu sayar da kati, waɗanda su ne ofishin ƙorafin talaka na gaskiya, su koya wa abokan cinikinsu lambobin nan. Limamai kuma su taɓo batun a huɗuba, ta fuskar haƙƙi da ta fuskar wayar da kai.

Na cire wa gwaggo abubuwan nan uku a daren, cikin minti biyar. Kuɗin da aka riga aka ci bai dawo ba, ban kuma san wata nawa aka yi ana ci ba. Kai mai karatu, yau idan ka koma gida karɓi wayar mahaifiyarka ko ta kakanka, ka danna *305# ka ga abin da ke kanta, ka aika STOP zuwa 2442, idan ka tarar an ci kuɗinta ka kira kamfanin, in sun ƙi ka kira 622. Ko naira hamsin ce ka bi ta, domin shirunmu ne jarin masu wannan sana'a. "Allah ya isa" tana nan daram, amma a haɗa ta da ƙara.